Kai tarihi da adabi ƙauye: ta ina sashen jami'a zai fara?

Ɗan Kafin Hausa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu. Jigawa na da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011 da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga Jami'ar Bayero a Kano da ta tsaya da ƙafarta tun 1977. A tsakaninsu ana nazarin harshe, adabi, tarihi da Larabci. Amma manomin da gonarsa ke jikin katangar jami'a bai san me ake yi a ciki ba. A ce wani sashe ya samu ɗan kuɗi, ba mai yawa ba, yana so ya fita da wannan ilimi zuwa gunduma guda a ranin bana. Abin da ya zo mini shi ne a karɓi ɗakin taron sakatariyar ƙaramar hukuma, a gayyato farfesa biyu su yi lacca da Hausa. Ku gyara mini.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar ɗakin taro. Ka san masu cika shi: ma'aikatan sakatariya, kansiloli, da 'yan sakandaren da aka kwaso a mota aka ce su zauna shiru. A sa ƙarfe goma, a fara sha biyu saboda jiran babban baƙo, jawabin maraba ya cinye awa guda, farfesa ya karanto takardar da da Turanci ya yi tunaninta, a kira azahar a watse. Dattijon da ya san tarihin garin yana can gindin darbejiya, bai ma ji an yi ba.

Kayan aikin suna hannunku tuni. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na rubuta kundin digiri, da yawansu kuma a kan garuruwansu: kafuwar gari kaza, rini a Kura, su a ƙasar Haɗejiya, waƙoƙin biki. Dattawa ne suka ba su bayanin, kuma da wuya a mayar musu da ko shafi ɗaya. Ku shiga ma'ajiyar sashe ku ware duk kundin da ya shafi gundumar da kuka zaɓa. Ku ɗauki mafi inganci, ku zubar da babin bitar ayyuka da na dabarun bincike, ku matse sauran zuwa shafi 12 ko 16 da Hausar da ake ji a bakin kasuwa. Sai a je ƙofar gidan dagaci a karanta da babbar murya, ana tsayawa bayan kowane sakin layi ana cewa, "Haka ne, ko da gyara?" Ba wanda zai iya yin shiru ya ji an ɓata sunan kakansa. Daga nan taron ya kama.

Hajiyar Adabi:
Malam ya yi daidai, amma kafin karatun akwai ƙofofin da ake bi a jere. Takarda ta fara zuwa masarauta. A Jigawa biyar ne: Haɗejiya, Gumel, Kazaure, Dutse da Ringim. Daga nan hakimi, hakimi ya haɗa ku da dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni. Kwafi ya je wa shugaban ƙaramar hukuma, da sakataren ilimi in za a shiga makarantu, a kuma sanar da baturen 'yan sanda. Wanda ya tsallake hakimi ya faɗa wa dagaci kai tsaye, za a shimfiɗa masa tabarma a kawo ruwa, amma ba za a tara masa kowa ba, don dagacin ya san gobe za a tambaye shi wa ya ba shi izini. Liman kuwa ziyararsa daban ce, kuma sanarwarsa bayan sallar Juma'a ta fi fosta ɗari.

Sai lokaci. Daga Yuni zuwa Oktoba ku manta, kowa na gona. Nuwamba ana girbin dawa da sussuka. Tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin. In kuka kai Afrilu samari sun tafi cirani, ga zafi, ga sharar gona ta gabato. Wannan lissafin bai shafi garuruwan noman rani ba, irin su Kura, Kadawa da Auyo, inda rani ma aiki ake yi, sai ku tambayi yaushe ake ban ruwa. A kuma duba kasuwa: Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta da Gujungu Lahadi. Ƙauyen da ke cin kasuwa ranar ba kowa a gari, masu dabbobi ma tun jajibiri sun tafi. Da hunturu dattawa da hantsi suke fitowa shan rana, lokacin hira da ɗaiɗaikunsu ke nan. Taron jama'a kuma bayan la'asar.

Na Gujungu:
Allah ya gafarta malamai, ku yi haƙuri da katsalandan. Mutumin da buhun taki ya gagara, asibitin garinsu ba magani, za ku je masa da tatsuniya da jerin sarakuna? In motar jami'a ta tsaya, abin da za a fara tambaya shi ne me aka kawo. In an ce tarihi, rabin mutane za su koma inda suka fito.

Malamin Tarihi:
Tambayarka na kan hanya, Alhaji. Za su koma in an kai musu abin da jami'a ke marmari. A zaɓi batun da dama suna gardama a kansa a majalisa. A ƙasar Haɗejiya, yi maganar kogi kafin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992: ina ruwa ke kaiwa, wane kifi ake kamawa, yaushe ciyawar kachala ta fara toshe hanyoyin ruwa. Ba mai tashi. A Ringim, Gagarawa ko Malam Madori, yi maganar layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 da yadda cinikin gyaɗa ya tayar da garuruwan tasha. A ko'ina, yi maganar burtali da mashaya, ko abin da aka ci a farin 1973, tafasa da yaɗiya da dusa, da yadda ake tanadin rumbu a da. Amma kada a yi alkawarin rijiya ko taki. A faɗa tun ranar farko: ba mu zo da kwangila ba.

Tsohon Magatakarda:
A ƙara da wannan: jami'a ba kotu ba ce, a faɗa a bainar jama'a. Da zarar an naɗi dattijo yana cewa burtali ta gonar wane ya bi, ko fadamar nan ta gidan wane ce, wani zai zo neman kwafi ya kai gaban alƙali. Bayanin iyakar gona da gado a ajiye shi a ma'ajiya, kada ya shiga ɗan littafin da za a raba.

Dakta Mai Nazari:
Ni ina da ja. Abin da kuke tsarawa bincike ne aka sa masa sabuwar riga. Ku je, ku ji, ku naɗa, ku gyara kundinku. Ina abin da jami'a ta kai wanda babu shi a garin? In dattawa ne ke da ilimin duka, me ya sa ake biyan mu albashi?

Malamin Tarihi:
Dakta, a nan kam na ba ka gaskiya rabi. Akwai abin da ke hannunmu da ba su da hanyar samu. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi don yanka haraji: yawan mutane, dabbobi, masu sana'a, sunayen ƙauyuka da dagatai, har da tarihin da aka ba su a lokacin. Gidan Arewa ma na nan a Kaduna, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano. A ɗauko hoton shafin da ya ambaci garin, a fassara, a buga shi babba a takarda A3, a kai. Barth, Bajamushe matafiyi, ya bi ta Gumel a 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta abin da ya gani. Mutanen wannan hanya nawa ne aka taɓa karanta musu?

Abu na biyu shi ne hanyar auna magana. A karanta abin da Bature ya rubuta, a tambaya: wa ya faɗa masa? Ta bakin wane tafinta? Me ya sa dagaci zai rage yawan shanu a gaban mai ƙirgar jangali? Dattawa sun fi mu sanin amsar ta ƙarshe, za su yi dariya. Yaron sakandaren da ke tsaye a baya kuma ya koyi cewa rubutacce ma ana tuhumarsa. Wannan shi ne darasin da muke bayarwa a aji ɗaya na jami'a.

Dakta Mai Nazari:
In haka ne na sauko, da sharaɗin a rubuta shi cikin tsarin. In ba a rubuta ba, zuwa Kaduna shi za a fara yankewa ranar da kuɗi suka gaza.

Mai Rikoda:
Bari in shigo da maganar naɗar murya, don a nan aiki ke lalacewa ba a sani ba sai an dawo gida.

Waya na iya yi in babu wani abu, amma a kashe layinta, kira ɗaya ya isa ya yanke hira. Abin da ya fi shi ne ƙaramar rikoda ta hannu da makirfo mai maƙalawa a wuyan riga, tazarar taƙi ɗaya daga baki. A naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, a saita 48 kHz, 24 bit. Awa ɗaya na cin kusan gigabait 1 in layi biyu ne, rabin haka in layi ɗaya ne, wato katin gigabait 32 zai ɗauki wajen awa 30 ko a layi biyun. MP3 na rabawa ne, daga baya ake fitar da shi. A 64 kbps awa ɗaya ba ta kai megabait 30 ba. Kada a fara da MP3, abin da ya zubar ba ya dawowa. Ƙarfin sauti ya riƙa tsayawa wajen -12 a ma'aunin rikodar, don in dattijo ya zo kirari zai ɗaga murya ba sanarwa, in ba a bar masa sarari ba sautin ya fashe.

Abubuwan da ke ɓata naɗi: iskar hunturu, sai an sa wa makirfo soso ko hular gashi. Injin markaɗe, a tambayi lokacin da ake tayar da shi. Awaki da zakara, a kore su kafin a fara. Wanda mutane ba sa tunawa shi ne tufafi. Dattijo ya ji baƙi za su zo, ya ɗauko shaddarsa mai sitaci, duk sanda ya gyara hannun riga a kafaɗa sai ƙarar ta rufe kalma biyu ko uku. A maƙala makirfon a 'yar ciki, ko a ɗora rikoda a kan matashi a gabansa. Carbi ma haka, ƙas-ƙas ɗinsa na shiga. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi ko'ina kyawun sauti. Ɗakin siminti mai rufin kwano amsa-kuwwa yake yi, da rana kuma kwanon na ƙara. Mai naɗi ya sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe. Batir a sayo mai kyau daga birni, ninki biyu na abin da ake zato, na teburin mai shago ba ya jure rikoda.

Farkon kowane naɗi a faɗi kwanan wata, gari, sunan mai magana da na mai tambaya, sannan a tambaye shi a kan naɗin ko ya yarda. Hira da tsoho kada ta wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, gara a dawo gobe. Da dare a kwafe komai wuri biyu kafin a kwanta, a sa wa fayil suna da kwanan wata, gari da lamba. Sannan lissafin da ke karya kowa: rubuta hirar awa ɗaya na cin awa 6 zuwa 8. In kuka kwaso awa 40 kun ɗauko wa kanku aikin awa 300. Ku naɗi abin da za ku iya rubutawa.

Hajiyar Adabi:
Kuma masu rubutawar a gargaɗe su kada su gyara wa mutum harshe. Ɗalibi ya saba da daidaitacciyar Hausa, sai ya ji Haɗejiyanci ya mayar da shi Kananci yana ganin taimako ya yi. A rubuta yadda aka faɗa. A gabashin Jigawa kuma a tanadi mai jin Fulatanci da mai jin Barbarci, don akwai tsofaffin da in zance ya yi zurfi harshen gida suke komawa.

Ɗan Kafin Hausa:
To shekaru fa? Dattijo zai ce shekararsa ɗari da goma, kuma ba ka da bakin musu.

Malamin Tarihi:
Kada ka tambayi shekara, ka jingina da abin da kowa ya sani. Lokacin da Sarki Alhaji Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, ka isa zuwa kiwo? Da Sarauniyar Ingila ta zo a 1956 fa? Da aka naɗa Ado Bayero a 1963 ka yi aure? An kashe Sardauna a Janairun 1966, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye fam a 1973, an kashe Murtala a Fabrairun 1976, an ƙirƙiro Jigawa a 1991. Tambaya uku a kan waɗannan za su ba ka shekarun mutum da kuskuren da bai wuce biyu ko uku ba. Kowace gunduma kuma a haɗa mata nata jerin: shekarar ambaliya, shekarar gobarar kasuwa, naɗin hakimai. Wannan jerin kansa abin bugawa ne a bar wa makaranta.

Wani abu mai nauyi. Tarihi a ƙauye yana da masu shi, kuma suna raye. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ta ratsa garuruwa irin su Takai da Garko, kuma akwai gidajen da suka san ɓangaren da kakanninsu suka bi. Sarkin Haɗejiya Buhari gwarzo ne a bakin wasu, a garuruwan da ya kai wa hari kuwa labarin daban ne. A gari guda za ka tarar da gida biyu kowanne na cewa shi ya kafa garin, kuma maganar na da alaƙa da wanda zai gaji dagaci. Don haka a ji kowane gida shi kaɗai kafin taron jama'a. A wurin karatu a ce "gidan wane sun ce kaza, gidan wane sun ce kaza", a wuce, ba a yanke hukunci. Asalin bauta kuwa ba a karanta shi a fili ko da mai maganar ne ya faɗa da bakinsa, don jikokinsa na neman aure a garin.

Tsohon Magatakarda:
Shi ya sa yardar ta zama hawa uku, a tambayi kowanne daban: a ajiye a jami'a kawai, a karanta a gari, ko a sa a rediyo da intanet. Mutum na iya yarda da na farko ya ƙi na uku. Akwai ma dokar kare bayanan mutane ta 2023, sashe ya nemi lauyan jami'a ya duba takardar yardar. Wanda ba ya karatu a karanta masa ya amsa a naɗi, ya fi dangwala yatsa, don dangwale na tsorata mutane.

Alaramma Mai Gafaka:
Allah ya saka wa malamai. Ba a taɓo takardu ba, kuma duk garin da ke da tsohon gidan malamai akwai su: Alƙur'ani rubutun hannu, littattafan fiƙihu, waƙoƙin wa'azi da ajami, wasiƙu, lissafin bashi na fatake. Suna cikin gafaka ko adaka, gara da ɓera da yoyon damina na cin su.

Doka ta farko, takarda ba ta barin gidan mai ita. Kalmar "a ba mu aro mu kai jami'a" ita ta sa gidaje da yawa suka rufe adakarsu, don an sha karɓa ba a mayar ba. A zo da kayan ɗauka a yi a zaurensa, yana zaune yana gani.

Littattafan nan ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke tsakanin tadarishi. In iska ta kaɗa ko yaro ya yi karo da su, jerin ya tafi. Abin da ke ceto shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Sai mai karanta rubutun Warshu ya zauna a wurin, ɗalibin da bugun Misra kaɗai ya sani ba zai iya ba. A ɗauka a yadda aka tarar da jerin, ko da a hargitse yake, gyaran jeri a kwamfuta ake yi.

Hannu a wanke a bushe, ba safar hannu, safa na sa a yaga gefen takarda. Ƙura da burushi mai laushi ake share ta, ba hurawa da baki ba, ba tsumma mai laima ba. Kada a sa salatif a inda ya yage, kada a manne da roba mai zafi irin ta shagon hoto, wannan kashe takarda ne. Tawadar bagaruwa da ake haɗawa da ƙarfe tana cin takarda in ta tsufa, za ka ga harafi ya huje, irin wannan shafin da kwali ake ɗaga shi. A shimfiɗa baƙin yadi, kyamara a kan ƙafa tana kallon ƙasa daidai, a inuwa mai haske, ba filasha, a ajiye rula a gefe. Gaba da baya duka, har shafin da ba rubutu, har gafakar. Sannan a ɗaga wasu warƙoƙi a haska ta baya a ɗauki tambarin cikin takardar. Mai jinjirin wata uku daga Italiya ake kawo ta, ta yi yawa a ƙarni na 19, tana taimakawa wajen kintatar zamani. Shafin ƙarshe a kula da shi, nan marubuci kan sa sunansa da na malaminsa.

Kundin asirai da laƙani kuwa, in mai shi bai buɗe ba kada a tambaya.

Mai Rikoda:
Allah ya gafarta Malam, ƙari ɗaya: a bar wa mai takardun kwafi a katin waya, a kuma buga masa shafi goma ko ashirin masu launi. Bugun ne zai nuna wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya fito da tasa adakar.

Hajiyar Adabi:
Duk abin da aka lissafa zuwa yanzu a ƙofar gida yake, rabin gari kuma na ciki. Maza ba za su shiga ba, don haka tawagar da ba ɗalibai mata rabin aiki za ta yi. A nemi izinin maigida, a shiga tsakanin hantsi da azahar, bayan an gama aikin safe kafin a ɗora sanwar rana. Waƙoƙin niƙa, daka, daɓe, reno da na kai amarya suna bakin tsofaffi, kuma suna tafiya, don injin ya karɓe dutsen niƙa, siminti ya karɓe daɓe. Waƙar aiki ba ta fitowa a zaune. A sa turmi a zuba hatsi, za ta zo da kanta. Ungozoma da mai kitso da mai saƙar faifai kowacce na da ilimin da ba ya cikin kundin kowa. Murya kawai za a ɗauka sai in an yarda da hoto, kuma muryar matar aure ba ta zuwa rediyo sai ita da mijinta sun amince.

Ranar mayar da aiki a yi wa mata zamansu daban, a makarantar Islamiyya ko cikin gidan dagaci, mace ta karanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u a Sakkwato ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka suna koyar da mata da waƙa tun ƙarni na 19.

Na Gujungu:
To na ji. Kuɗi fa? Za a biya masu maganar ko a'a?

Hajiyar Adabi:
A raba biyu, Alhaji. Makaɗi da maroƙi da mai kirari sana'arsu ce, a biya su kamar yadda ake biyan su a biki, a yi ciniki tun farko. Dattijo kuma goro ake kai masa, da sukari ko sabulu, a gaisuwa, kafin a fara. In aka ce kuɗi kaza kowace awa, labari zai yi tsawo, kuma gobe kowa a garin ya zama masanin tarihi. Kuɗin zama ga mahalarta taro kada a fara shi sam. An yi sau ɗaya, ba a ƙara taruwa sai da shi.

Ɗan Rediyo:
Ta ɓangaren yaɗawa. Rediyo har yau shi ne sarki a karkara. Jami'ar Bayero na da tasharta, ga Rediyon Kano da Rediyon Jigawa da masu zaman kansu. Shirin minti 25 ya isa: muryoyin mutanen garin su ci minti 15, malami ya yi bayani a sauran. In aka juya lissafin ya koma lacca. A sanar a gari ranar da za a sa. Hanya mafi arha kuma ita ce masu cajin waya da tura waƙoƙi a kasuwa. A ba su fayil ɗin MP3 kyauta, su za su zuba wa mutane a kati, ƙananan rediyoyi masu cin kati kuma sun cika ƙauyuka.

Majigi bayan isha'i na tara jama'a tun zamanin En'e da Yaƙi da Jahilci. Farin yadi a bangon makaranta, janareta a nesa da waya mai tsawon mita 30 don ƙararsa, lasifika a kan tebur, yara a gaba, gefen mata da igiya. Minti 30 zuwa 40, sanyi ba zai bari a wuce haka ba. A gwada komai da rana.

Alaramma Mai Gafaka:
Ɗan littafin a yi shi boko da ajami. Ajamin a ba marubucin allo na garin ya rubuta da hannu, a ɗauki hoto a buga. Na kwamfuta salon gabas ne, sau da yawa ba ɗigon imala a ƙasan harafi, wanda ya tashi a tsangaya sai ya yi ta tuntuɓe. A kuma biya marubucin.

Malamin Firamare:
Ku tuna da mu. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka ɗauki kusan shekara goma kafin a maido shi, yanzu ga darasi ba littafin da ya ambaci garin yaro. In za a buga kwafi 200, rabi su zo makarantu, harafi manya, a danƙa wa hedimasta a gaban kwamitin iyaye don kada su kwana a durowa. Shafi 12 ko 16 da Malam ya ce daidai ne, takarda A4 in an naɗe ta shafi huɗu take bayarwa. Makarantun kusa da Birnin Kudu kuma a kai yara su ga zanen shanu na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, a nemi ma'aikacin hukumar gidajen tarihi ya raka su. Ba a zuba wa zanen ruwa don ya fito a hoto, ba a bin sa da alli.

Dakta Mai Nazari:
Saura abin da ba wanda ya faɗa. Ƙarin girma a jami'a da maƙala ake samun sa, hidimar al'umma makinta kaɗan ne, shi ya sa malami zai je sau ɗaya ya ɗauki hoto ya dawo. Mafita biyu: aikin ya zama kwas mai maki ga ɗaliban aji uku, kuma shugaban sashe ya amince tun farko cewa naɗin da takardun za su haifi maƙala da sunan waɗanda suka yi wahalar. Kuɗin kuma a kulle rabi don komawa: bugu, majigi, rediyo, mota. In aka kashe duka a zuwan farko, an sake yin abin da aka saba.

Ɗan Kafin Hausa:
Na gode ƙwarai, malamai. Gunduma guda ta yi yawa ke nan?

Malamin Tarihi:
Ta yi yawa. Gari ɗaya da ƙauyuka biyu na kusa. Malami biyu, ɗalibai takwas, huɗu mata, a fifita 'yan yankin. Zuwa uku: gaisuwa da neman izini, sannan kwana biyar na aiki, sannan komawa bayan mako shida da littafi da majigi.

Mai Rikoda:
A duba kalanda kafin a tsayar da rana, don 'yan shekarun nan azumi cikin rani yake faɗowa. Hirar rana ba ta yiwuwa da mai azumi, majigi kuma zai ci karo da asham da tafsiri. In ya rutsa da ku, ku mayar da kwanakin na naɗar tashe, daga goma ga wata yara ke farawa. Sai dai makirfon wuya ba zai yi ba a nan, na hannu za a riƙe a bi su gida-gida, a kuma rage ƙarfin sauti saboda gwangwanayen da suke kaɗawa.